Habboba da Jikarta Sun Miƙe Tare

Assalamu alaikum, mai gabatar da shiri, sannu da ƙoƙari. Ni mai sauraronku ce daga Umdurman, kuma godiya ce ta sa na rubuto.

Mahaifiyata, wadda yara ke kira Habboba, a gonakin audugar Jazira ta yi ƙuruciyarta. Da ta tsufa sai muka ce ta huta haka nan. Ko buta ta miƙa hannu za ta ɗauka, sai wani ya riga ta. A kwana a tashi ƙafafunta suka sage, har banɗaki sai an riƙe ta. Ƙaramar 'yata kuma sa'o'inta duk suna tafiya, ita ko tsayuwa ba ta yi, kullum tana goye a bayana.

Hankalina ya tashi, na kai yarinyar asibiti. Likita ta duba ta, ta ce ƙalau take, a riƙa ajiye ta a ƙasa, don ƙafar da ba ta aiki ba ta ƙarfi. Da na maimaita maganar a gida, Habboba ta harare ni ta ce, "To ni ma ku ajiye ni! Wallahi kun mai da ni kayan ado."

Tun daga ranar, kullum da hantsi su biyun ke dafa angarib, gadonmu na igiya, suna zagaya shi, tsohuwa na nishi, jika na dariya. Yanzu yarinyar gudu take yi, Habboba kuma da ƙafarta take zuwa shan jabana, wato gahawa, a gidan maƙwabta. Alhamdu lillahi, Allah ya saka wa likitar nan da alheri.

Ina gaida 'yan'uwana na unguwar Hajj Yusuf. Amma ku ba ni shawara, jama'a: jiya na iske Habboba da taɓarya a hannu. In karɓe, ko in ƙyale ta?