Gurbin Motata da Haihuwar Jikana

Shugabar ƙungiyar masu gidajen nan, Uwargida Gunnel, 'yan kwamiti, maƙwabta maza da mata, da yaran da ke can suna yi wa kek ɓarna: barkanmu da fita sanyi, barkanmu da aikin gayyar bana.

Na gode da kuka ba baƙo dama. Ni ne Torsten, wanda ya tare a gidan marigayi Birger farkon hunturu, tare da 'yata Ylva, tana da tsohon ciki.

Magana ta farko. Tare da gidan na sayi gurbin ajiye mota, mai turken lantarkin da ke ɗumama inji. Kun san sanyin garin nan: motar da ta kwana ba a jona ta ba, sai ta ga dama take tashi. Amma kullum na dawo, in tarar da wata mota a gurbina. Yau ta maƙwabcina Rolf, gobe ta maƙwabciyata Majvor. Tawa kuwa tana bakin titi tana daskarewa, ni ina tunanin ranar da naƙuda za ta zo.

Ta biyu. Me na yi? Abin da kowannenmu zai yi. Na gaishe su da murmushi, na shiga gida na yi wa bango faɗa. Sai da Ylva ta ce idan ban buɗe baki ba, ita za ta fita da cikinta ta buɗe nata.

Na kira su shan kofi. Na yi ta kewaye-kewaye har kofin ya huce. Da na faɗa, Rolf ya ajiye biredinsa ya ce, "Dattijo, wa kake zaton yake kwashe maka ƙanƙara kowace safiya, aljanu?" Ashe Birger ba shi da mota, kuma yarjejeniyarsu ita ce wanda ya share gurbin shi zai ajiye. Suna ta biyana da shebur, ni ina gode wa kwamiti. Majvor ta ce da sun san da mai ciki, da ko kusa ba su zo ba.

Ta uku. Da safiyar da naƙuda ta zo, ƙanƙara ta kai gwiwa. Na fito, na tarar Rolf ya riga ya share hanya har titi, motata tana gurbinta, a jone. Murɗawa ɗaya ta tashi.

Ga jikan nawa can a hannun uwarsa. Sixten ne sunansa.

Roƙona gare ku: wanda zai tare bayana, ku ƙwanƙwasa masa ƙofa, kada ku bar shi da bango.

Allah ya raya mana yaranmu, ya ƙara wa bayan Rolf ƙarfi, ya bar mu tare lafiya. Na gode.