Injiniya da Nektayinsa

Ina jiran bas a Gaithersburg ta Amurka cikin sanyin 2009, wani mai kwat da nektayi ya ji wata 'yar Kumasi tana Hausa a waya. Tana ajiyewa ya yi mata sallama.

"Hajiya, garin nan ƙarami ne, amma masu ilimi ke riƙe da shi. Kamfanonin magani, ɗakunan bincike. Ni injiniya ne, shekarata tara a nan."

"Masha Allah. Ni tsofaffi nake yi wa wanka."

"Ai ku ma kuna ba da gudummawa."

"Mun gode. Injiniya, ina motarka?"

Ya gyara nektayinsa. "An rage mu a wurin aiki tun kafin azumi. Bas ɗin nan yana tsayawa a gidan tsofaffi?"

"Can nake aiki. Ziyara za ka?"

"Intabiyu, ƙarfe tara. Iyalina ba su sani ba."

"Kai ne injiniya na uku wannan watan. Cire nektayin nan. Tsohon da ke ɗaki na shida in ya damƙa ba ya saki."

"Amma intabiyu ne, Hajiya."

"Shi ne intabiyun. Za su ce ka ɗaga shi."

Ya kwance nektayin, ya cusa a aljihu, ya karɓar mata jaka.