Rassan Cediyar da Na Dasa Kai Ƙasa

Assalamu alaikum Malam mai gabatar da shiri, sannu da aiki. Ni ne Sale daga Kangire, kuma da baƙin ciki nake rubuto maka.

A ƙofar gidanmu akwai wata cediya da kakar kakana ta dasa tun kafin zuwan Turawa. Reshe guda ta zo da shi daga gidansu ranar da aka kawo ta. Tun daga nan, duk 'yar da za a kai gidan miji sai an sara mata reshe ta tafi da shi.

Bana iskar farkon damina ta tumɓuke cediyar nan. Na yi maza na sassare rassa tara, na zage ganyensu, na dasa a bayan gida. Sati shida ina jira, ko toho babu. Da Gwaggona ta zo, ta zare ɗaya ta duba, sai ta ce, "Sale, ai kai ƙasa ka dasa su! Ba ka ga muna fiƙe gindin tun wurin sara ba, don kada a rikice?" Wallahi na sha gani, ban taɓa tambaya ba. Muka garzaya wurin uwar cediyar da ta faɗi, ashe masu gawayi sun riga mu.

Don Allah, mutanen Zandam da Gwaram, duk gidan da kakarsu ta zo da reshen cediya daga Kangire, ku taimake ni da guda ɗaya. 'Yata za ta tare bayan girbi, kuma ba ni da abin da zan sara mata.