Na ce ina hanyar Kwantagora, bakanike ya same ni a Wara

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ne Ɗanjuma direba daga Yelwa, kuma da kunya nake rubuto wannan wasiƙa.

Alhajin da nake ja wa mota yana da motoci shida masu kai bandar kifi. Bara ya sa an liƙa wa kowace wani ɗan akwati a ƙarƙashin sitiyari. Ya ce tauraron ɗan Adam ne ke gaya wa akwatin inda yake, shi kuma ya aika wa wayarsa: gudunka, tsayuwarka, duk yana gani. Na ce a raina burga ce kawai, don a tsorata direbobi.

Ran nan an loda mini kifi zuwa Kwantagora, sai na karkata Wara gaida bazawarar da nake nema. Wajen dawowa mota ta kafe a taɓo kusa da ruwa, ga shi hadari ya haɗo. Na kira Alhaji, har da rantsuwa, na ce taya ce ta fashe a hanyar Kwantagora. Ya ce, "To, Allah ya kiyaye."

Kafin la'asar sai ga bakanikensa a gabana, a Wara. Ba taya ya kawo ba, igiyar ja ya kawo da tamfol.

Kifi bai jiƙe ba. Yau wata guda Alhaji bai tayar da maganar ba, kullum sai ya tambaye ni lafiyar Innata. Wallahi gara ya mare ni. Masu sauraro, ku ba ni shawara: da wane ido zan dube shi in ce na yi ƙarya?