Karnukan da Aka Cire daga Bango

A bencin jiran likita, a wani asibiti da ke Unguwar Kanawa, Malam Sanda yana zaune da babban hoto a kan cinyarsa. Dattijon da ke gefensa ya leƙa.

"Bawan Allah, karnuka nake gani suna jan mutum a kan ƙanƙara?"

"Tsere ne, Alhaji, a ƙasar sanyi. Da shi nake koya wa 'yan ajina lissafi. Kullum sai mu matsar da alamar karnukan gaba a taswira, yara su auna tafiyar. Wani uba ya kai ƙara wurin hedimasta, wai hoton kare yana korar mala'iku. Ɗazu na cire shi daga bangon aji."

Dattijon ya ɗago ya dube shi.

"Ni na kai ƙarar. Har yanzu kuma ban ga laifina ba."

"To, Alhaji."

"Zuwaira ta ajinka 'yata ce. Tana ciki, ana yi mata ƙarin ruwa. Ko abinci ba ta tambaya, sai dai ko karnukan sun isa."

Sanda ya dubi ƙofar ɗakin, ya sassauta murya.

"A gaya mata suna nan a taswira inda ta bar su. Ba mai matsar da su sai ta dawo."