Na'urar Auna Sukarin Yarinya

"Mama, wannan kawun ne ya ɓata min na'urata?"

A bencin shagon gyara suke jiran layi. Uwar ta jawo 'yarta jikinta, don mutumin da ke gefensu ya daɗe yana kallon na'urar auna sukarin jini da ke hannun yarinyar.

"Yi haƙuri, Malam, bakinta ba linzami."

"Gaskiya ta faɗa, baiwar Allah. Aikina rubuta manhajar da ke tuƙa 'yar ƙwaƙwalwar cikin irin waɗannan na'urori. Bara na goge ɓangaren wannan, na ce ta tsufa. Shi ya sa ta ƙi sabuntuwa."

"Haka kawai?"

"Kafin in goge, na yi cigiya a dandalin injiniyoyi na intanet, ko akwai mai amfani da ita. Wata uku, shiru."

"Ni ina dandalin? Tun da na'urar ta daina aiki, ina gida ina huda yatsun yarinyar nan sau shida a rana don auna sukarinta."

Ya kalli yatsun, ya sunkuyar da kai. "Zan mayar. Da na sani, da ban taɓa ba."

Kai mai goge abu daga nesa, ka kiyayi shiru. Masu dogaro da aikinka ba sa inda kake tambaya.