Ba Mu Sallami Armand Ba

Shugabar taro, Madam Odile Broussard. Mai girma Fada Celestin, limamin cocinmu. Dattawan Ƙungiyar Taimakon Juna ta unguwar Treme. Verna 'yar marigayi, wadda ta taso tun daga Houston. 'Yan'uwana makaɗa da mabusa, masu haƙora da waɗanda suka baro nasu na roba a kofi. Jama'ar unguwa maza da mata, ina gaishe ku baki ɗaya.

Na gode da kuka ba ni dama, ni Cleophas mai ganga, in yi magana a ranar da kuke raɗa wa wannan zaure sunan maigidana, Armand Fontenette. An ce minti biyar aka ba ni. To, ni dai ban taɓa ɗaura agogo ba.

Shekarar da guguwar Betsy ta kwashe rufin gidajenmu, shekarar ce na shiga ƙungiyar kiɗansa, yau shekara hamsin ke nan. Ban yi makaranta ba, ban iya karanta takardar waƙa ba, amma abin da idona ya gani yana nan a kaina, kuma magana uku zan ciro muku daga ciki.

Ta farko, ku san wanda kuke girmamawa. Armand mai yaɓen gini ne, da farar ƙasa a farcensa yake ɗaukar kilarinet, baƙar sarewar nan ta itace. A kiɗan jaz irin namu mai busa ƙaho ne ke jan gaba, amma shi ya yi shekara arba'in yana shugabancinmu daga gefe, da bugun diddigen ƙafarsa kawai. Ƙaho ya miƙe hanya, shi kuma ya bi shi yana kewayawa, ya haura sama, ya sauko, bai taɓa taka ƙafar kowa ba. Mun yi kiɗa a jiragen kogin Mississippi, mun yi a gidajen rawa, mun yi a shekarun da matasa suka koma wa jita mai lantarki har aka bar mu muna busa wa kujeru. Daga baya aka kai mu Turai da Japan, inda aka riƙa ɗaukar masa jaka kamar gwamna. Ranar Litinin da muka dawo, sai ga shi a kan tsani yana yaɓe, yana tambaya ko matarsa Eulalie ta ɗora jan wake.

Ta biyu, al'adarmu, domin na ga baƙi a cikinmu. Idan namu ya rasu, muna raka shi da waƙar coci, a hankali, taku ɗaya-ɗaya, ni kuma in cusa hankici a ƙarƙashin gangata don muryarta ta dushe. Sai an kai inda za a rabu, mu dāre gida biyu, motar gawa ta ratsa tsakaninmu ta wuce. Wannan shi ne sallama. Sai an sallami mamaci ake zare hankici, a buɗe laima, a saki kiɗan murna. Kuka ne a gaba, rawa a baya, kuma ba a juya su.

Ni na taɓa juya su. A jana'izar farko da na yi kiɗa da ƙungiyar, ta wani mai aski, na ga mota ta motsa, ashe direba gyara tsayuwa yake yi. Na fizge hankici na rangaɗa kiɗan rawa, matar mamacin tana dafe da gilashin mota. Armand bai daina busa ba. Ya matso har kusa da kunnena, ya ci gaba da waƙar cocin a hankali, a hankali, har hannuna ya ji kunya ya koma bin sa. Da aka watse ya ce da ni, "Kai ɗan ƙauye, bikin wa aka gayyace ka?" Na ce, "Maigida, motar ce ta ruɗe ni." Ya ce, "Mota kake kallo? Matar za ka kalla. Sai ta ɗauke hannunta." Sannan ya ce, "Tunda ka iya gaggawa, kai za ka riƙe ganga ranar tawa, in ga ko ka koyi haƙuri." Na ce, "Ina za ka gani, kana kwance?" Ya ce, "Zan ji."

Ta uku ita ce mai nauyin. Da ruwan guguwar Katrina ya ci garin nan, kowa ya bi motar da ya samu. Ni aka sauke ni a Atlanta, shi aka kai shi Houston, kilarinet ɗinsa kuma ta yi sati uku a cikin ruwa har ta tsage. Wata bakwai ya yi a can ya rasu. Mutumin da ya raka gawa fiye da ɗari huɗu, mutum tara ne suka raka shi, ba ƙaho, ba ganga, ba wanda ya dāre ya ba shi hanya. Ni sai bayan sati uku labari ya same ni.

Shekara tara ina ce wa kaina za a dawo da shi gida, sai in cika alkawari a kan titin da ya sani. Shekaranjiya Verna ta zaunar da ni ta ce, "Kawu Cleo, ka daina jira. Mama tana kwance kusa da shi yanzu, ba zan raba su ba." Gaskiya ta faɗa. Ni ma kuma shekaru sun ja, ba ni da sauran lokacin jira.

An karanta mini takardar shirin yau, an ce da na sauka za a saki kiɗan murna, ni ne a kan ganga. Madam Shugaba, ki gafarce ni, ba zan buga ba. Ku kafa allon sunansa, ya cancanta. Ku ci, ku sha, ya fi kowa son ganin an ƙoshi. Amma ba a yi wa mutum rawa ba a sallame shi ba, Armand kuwa har yau yana tsaye a bakin hanya yana jiran mu.

Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Eulalie, ya jiƙan duk waɗanda ruwa ya watsar suka kwanta a garin da ba nasu ba. Allah ya riƙe mana ganuwar da ke tare ruwan kogin nan, ya albarkaci wannan zaure, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Gobe da ƙarfe bakwai na safe zan hau motar Houston da gangata. Ganga ba ta iya rera waƙar coci ita kaɗai, ina bukatar mai ƙaho ɗaya da mai kilarinet ɗaya, kuma ina ganin shida daga nan inda nake tsaye. In na isa tasha ban tarar da kowa ba, zan tafi, in tsaya a kansa in rera da bakina. Duk kun san munin muryata, kun kuma san bai yi muku laifin da za ku bar shi da ita ba.

Na gode.